Kailani da Jaririn Aro

A zamanin da Tudun Wada ta Zariya take sabuwar unguwa, gidajenta rabi katanga rabi darni, an yi wani mutum a cikinta wai shi Kailani, wanda in ka ara masa kunnenka da hantsi sai azahar zai mayar maka da shi. Ɗinkin hula ne sana'arsa, amma ba da ita aka san shi ba. An san shi da cewa ya taɓa jan fanka a gidan wani Bature a bariki, ya yi 'yan kwanaki aka kore shi saboda barci, ya dawo da ilimin Turawa kaf a cikin kansa. Ko kazarka ce ta daina ƙwai, Kailani zai gaya maka yadda Bature yake yi da irin tata.

Wata rana mai unguwa ya sa aka yi shela cewa mai lamba zai zo, zai bi gida gida ya tsaga hannun kowane jariri ya shafa masa maganin agana. Unguwa ta rikice. Wasu suka ce alama ce irin wadda ake yi wa shanu, in yaro ya girma a zo a kama shi aikin hanyar jirgi. Wasu suka ce a'a, soja za a kai shi. Bayan la'asar maza suka taru a gindin tsamiya, kowa ya zabga tagumi, sai ga Kailani yana tafe yana baza riga.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi. "Ni da na yi wa Bature fifita yana barci, wace dabara tasa ce za ta ɓoye mini?"

Muntaka maƙeri ya ce, "Mu dai mun ji kai ne ka yi barcin."

"Barcin dabara ne, Muntaka, ido rufe kunne buɗe. Ku amsa mini. Mai lamban nan namiji ne?"

Aka ce namiji ne.

"Yana shiga gidan matan aure?"

Aka ce ina, wa zai bar shi.

"To, a zaure zai tsaya a miƙo masa yaro. Kuma na san dokarsu, yaron da yake da tabon lamba ba a sake masa. Ashe yaro guda mai tabo ya ishi Tudun Wada duka! A nuna shi a wannan zaure, kafin mai lamba ya zagayo ƙofar gaba, ni na tsallakar da shi ta bayan gida."

Ɗantsoho mahauci ya sosa ƙeya. "Ba zai gane shi ba?"

"Wa ke gane jariri? Jarirai duk fuskarsu ɗaya ce, kamar ƙwai."

Da gaskiyarsa ya faɗi haka. Shi ma yana da ɗa a gida, na fari, mai suna Lawal, kuma saboda kunyar ɗan fari bai taɓa tsayawa ya dubi fuskarsa ba, balle ya ɗauke shi. Sunan yaron ma ba ya kamawa, sai dai ya ce "wancan na ɗaki". Kailani ya riƙe wannan kunya fiye da kowa, har yana alfahari da ita.

Saura yaro mai tabo. Shi ma Kailani ya riga ya gano shi. Akwai wata baƙuwa mai suna Saratu da ta sauka a ƙarshen unguwa kwanan nan, ba miji ba kaya, sai ɗanta Mika'ilu a baya, kuma a damtsen yaron ga tabon lamba nan raɗau. Kailani bai tambaye ta daga ina ta fito ba, don tambaya tana bukatar mutum ya yi shiru ya ji amsa. Da safiyar ranar da mai lamba zai zo ya je ya ce mata zai kai yaron wurin malami a yi masa tofi saboda bakin mutane. Matar ta dube shi da idanu jajaye, ta ce Allah ya saka da alheri, ta miƙa masa.

Da ya shiga gida da yaron, uwarsa Inna Zinariya tana bakin murhu.

"Wannan kuma ɗan wa ka sato?"

"Aro ne, Inna. Yau za ki ga aikin ilimi."

Da ta ji bayani ta ajiye ludayi. "Kailani, agana tana yawo a ƙauyuka. Ka dubi fuskar matarka, sannan ka gaya mini wanne ya fi, tabo guda a hannu ko wannan? Ka bari a yi wa maigidana lamba." Maigidanta shi ne jikanta Lawal, haka take kiransa don wasa.

Ishatu matar Kailani tana bakin ƙofar ɗaki. Agana ta kama ta tana yarinya, ta bar mata zanzana a fuska, ta tafi da ƙannenta. Ba abin da take so a duniya kamar a tsaga hannun ɗanta, amma ita ma ɗanta na fari ne, ba ta da bakin roƙo a kansa. Sai ta sunkuyar da kai tana murza gefen zane.

"Maganar mata ke nan," in ji Kailani. Ya tuɓe wa Mika'ilu tsohuwar rigarsa, ya sa masa sabuwar rigar Lawal don ya yi kama da ɗan gida, tsohuwar kuma ya jefa wa Inna ya ce a rufa wa wancan na ɗaki kada ya sha sanyi. Ya kwantar da yaran biyu a tabarma ɗaya kafin baƙi su iso.

Mai lamban, Malam Barnabas ne, Bazazzagi ɗan mishan, siriri mai magana a hankali, yana rataye da ƙaramin akwati, dogari na biye da shi. Gidan Kailani ne na farko a layi. Kailani ya fito zaure da Mika'ilu, ya kau da kai gefe kamar yadda uban ɗan fari yake yi, ya miƙa.

Barnabas ya ɗaga hannun rigar, ya ga tabo. "An riga an yi masa. Madalla, maigida. Da kowa irinka ne da mun huta."

"Ai mu mun zauna da Turawa," in ji Kailani.

Suna fita ya ruga bayan gida, ya sa yaron a kwando, ya miƙa ta kan darni zuwa gidan Muntaka. Shi ma ya ɗaga ƙafa zai tsallaka, kara ya kama rigarsa ta yage tun daga hammata har ƙugu. Bai damu ba. Ya zagayo ta lungu, ya iso zauren Muntaka yana haki, daidai lokacin da wata tsohuwa take fitowa da yaron.

Dogari ya leƙa fuskar jaririn. "Muntaka, ba mace aka raɗa wa suna a gidan nan ba? Na ci naman sunan."

Muntaka ya buɗe baki, Kailani ya riga shi. "Mace ce mana! Ba ka ga kwalli ba?" Don matan gidan sun yi dabara, sun rangaɗa wa Mika'ilu kwalli, sun naɗe shi da zane.

Barnabas ya kwance zanen don ya ga hannu. Mika'ilu ya ji iska ta buge shi, sai ya saki fitsari, ya tashi sama ya yi baka, ya sauka a kan takalmin dogari.

Dogari ya ja ƙafa baya yana hararar Kailani.

"Ikon Allah," in ji Kailani. "Yarinyar nan tun haihuwarta haka take, ƙarfin mara gare ta. Gadon maƙera ne."

"Lalle kuwa," in ji Barnabas. Ya dubi tabon, ya dubi Muntaka da ke neman inda zai ɓoye fuskarsa, ya rataya akwatinsa ya wuce.

Kailani ya ɗauka ya ci nasara. Ya raɗa wa Muntaka, "Ka gani? Boko ne kawai a kansu, ba wayo."

Gida na gaba katanga ce, ba darni ba. Kailani ya miƙa kwandon lafiya, amma da ya hau sai ƙasar ta rufta da shi, ya faɗa bayan ɗaki inda uwar gidan take wanka. Ba ta tsaya tambayar aikin alherin da ya kawo shi ba. Ta kurma ihu, mata suka fito da muciya da tsintsiya, suka raka shi har ƙofa. Ya fito zaure hula a karkace, goshi ya yi ƙulu.

"Maigida, kai kuma nan ma gidanka ne?" in ji Barnabas.

"Ina taya maƙwabta ne. Ba su san yadda ake magana da ma'aikata ba."

"Goshinka fa?"

"Yawan sujada."

Wata matsala kuma, duk gidan da Mika'ilu ya shiga sai matan sun ji tausayinsa. Wannan ta ba shi nono, waccan ta ɗura masa koko, wata ta lasa masa zuma. Kafin a kai gidan Ɗantsoho cikin yaron ya yi tim, kwandon ya yi nauyi. Kailani ya ɗaga shi sama zai miƙa, Mika'ilu ya mayar masa da kokon unguwa duka a kan hula da gemu.

Gidan Ɗantsoho kuwa tagwaye ne, kuma Kailani bai tuna da haka ba sai da dogari ya ce a fito da Hasan da Husaini. Aka fito da Mika'ilu, aka ce ga Hasan. Aka koma da shi, aka ɗora masa hula, aka ce ga Husaini.

"A kawo su tare in gan su," in ji Barnabas.

"Haba Malam!" in ji Kailani. "Kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Wa ke haɗa tagwaye a gaban baƙo? So kake su turo maka kunama?"

"To, ai kuwa sun yi kama. Har kokon da ke bakin Hasan yana bakin Husaini."

"Tagwaye ke nan. In ɗaya ya ci, ɗayan ke ƙoshi."

Shi kuwa Mika'ilu, tun safe yake ganin fuskar Barnabas a kowane zaure, har ya saba da shi. Wannan karon yana ganinsa ya washe baki, ya miƙa hannu biyu yana zillo a ɗauke shi. Barnabas ya karɓe shi ya saɓa a kafaɗa.

"Yaran Tudun Wada akwai son baƙo," in ji shi. "Kuma abin mamaki, duk tabonsu wuri ɗaya, girma ɗaya, kuma duk aikin hannuna ne. Ni kuwa ban taɓa aiki a unguwar nan ba." Ya fito da yaron waje, ya nufi gindin tsamiya ya zauna. "Mu jira. Yaro mai ƙiba haka ba ya rasa uwa."

Mutane suka taru. Kailani ya shiga bayani da hannu da ƙafa, yana cewa a ƙasar Turawa ma akan haifi yara da tabo, shi ya gani a hoto. Yana cikin haka sai ga Saratu a guje, ba mayafi. Ta je gidan malamin an ce ba a ga kowa ba, ta bi unguwa tana tambaya har aka nuno mata tsamiya. Ta fizge ɗanta, ta dudduba shi, ta ga kwalli, ta ga rigar da ba tasa ba.

"Me kuka yi masa? Ina tofin?"

Wata tsohuwa ta gaya mata komai, ba ta rage ba. Saratu ta juya ta dubi Kailani, sannan ta dubi taron.

"Don kada a yi wa 'ya'yanku lamba kuka yi yawo da nawa?" Ta rungume yaron a ƙirji. "Daga Dutsen Abba na fito. Agana ta shiga gidanmu. Na binne mijina, na binne yayyen yaron nan biyu. Tabarma ɗaya suke kwana da shi. Shi kaɗai na taɓa kaiwa asibiti aka yi masa wannan abin, shi ma don na je da ciwon ido ne aka tsare ni, ina kuka ina zagi. Shi kaɗai ya rage mini." Ta ɗaga hannun yaron sama. "Ga abin da kuke gudu. Ni da na sami wanda zai yi wa sauran, da ƙafa zan je ko Ikko ne."

Barnabas ya miƙe, fara'ar nan tasa ta tafi.

"Rigar da ya zo da ita daga gidan, tana ina? Cutar nan tana bin tufafi."

Sai aka ji muryar Inna Zinariya daga baya. "Tana jikin jikana. Ubansa ne ya ba da ita a rufa masa."

Abin da ya biyo baya, Tudun Wada ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mazan da suka sha alwashin ɓoye 'ya'yansu suka watse a guje, kowa ya nufi gidansa. Tsofaffi mata suka dinga fitowa da jarirai, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya aka jera su, kuka ya cika wuri. Barnabas ya buɗe akwati, ya fito da 'yar wuƙarsa da wasu siraran kwalabe, ya kama aiki. Ɗantsoho, wanda ɗazu aka ce tagwayensa ba sa haɗuwa, ga shi da Hasan a dama Husaini a hagu yana ture mutane.

Inna Zinariya ta tuɓe wa Lawal rigar nan ta jefa a wuta, ta kawo shi ta kwantar a tabarma, ta kutsa gaba. Dogari ya tare ta da sanda.

"Iya, gidanku an gama. Maigidan da kansa ya nuna mana ɗansa da tabo."

"Ƙarya ya yi!"

"To, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Kailani yana raɓe a bayan tsamiya, gemu duk koko. Tun da aka ambaci rigar nan tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Sai ya ji Barnabas yana cewa, "Maganin ya kusa ƙarewa. Saura na yaro ɗaya."

Nan fa tsohon hali ya motsa. "Ku ba ni wuri! Ni na san yadda ake yi da su!" Ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar tabarmi. Jarirai ne birjik, duk tsirara ko cikin tsumma, duk baki buɗe. Ya duba nan, ya duba can. Ya hango wani jariri fari sol mai kumatu, ya ce a ransa wannan kyau sai jininsa. Ya sunkuce shi, ya bangaje mutane, ya dire shi a cinyar Barnabas.

"Ga shi! Na safe ba nawa ba ne, ƙarya na yi, kowa ya ji! Yi masa!"

Barnabas ya tsaga, ya shafa, ya girgiza kwalbar ya nuna ba komai a ciki. Kailani ya yi ajiyar zuciya ya juyo yana duban jama'a, yana jiran yabo.

Yabon kuwa ya zo, daga Muntaka. Ya kama hannunsa da hannu biyu. "Allah ya saka, Kailani. Tun ɗazu nake neman hanyar da zan kai ta gaba na rasa."

"Kai wa?"

"'Yata mana."

Dogari ya ɗaga tsumman ya leƙa. "Wannan karon dai mace ce."

Dariya ta ɓarke, amma ba ta yi nisa ba, don Inna Zinariya ta taho da Lawal a hannu, hannunsa sumul ba tsaga. Ta tsaya a gaban ɗanta ta nuna masa hannun. Kailani ya juya wajen Barnabas.

"Malam," ya ce da ƙyar, "ba ko ɗigo?"

"A nan babu. Akwai saura a asibiti, cikin randa muke ajiye shi don zafi yana kashe shi. Ana rufewa da la'asar. Wanda ya wuce yau sai jirgi ya kawo wani, ni ma ban san ranar ba. Yaron da ya wuni cikin rigar nan kuwa, ni ba zan jira da shi ba."

Rana ta riga ta karkata, asibiti kuma yana can wajen bariki. Inna Zinariya ba ta da ƙafar wannan tafiya. Ana cikin duban juna sai ga Ishatu, wadda ba a taɓa ganin ta a waje da rana ba, ta ratso maza da zane da majanyi a hannu, hawaye na bin zanzanar fuskarta. Ta karɓi yaron daga hannun surukarta.

"Malam, duƙa," ta ce wa mijinta.

"A gaban mutane? Ishatu, ɗan fari ne fa..."

"Ɗana ne. Ka fi ni sauri, yau na ga yadda kake tsallake katanga. Duƙa."

Kailani ya duƙa. Ta ɗora masa yaron a baya, ta ɗaure zanen a ƙirjinsa, ta ja majanyi ta tamke har sai da ya yi nishi.

Haka ya ratsa Tudun Wada, riga a yage, goshi a kumbure, goyo a baya, mata na leƙe ta kan darni suna guɗa. Ya ji ɗumin yaron a gadon bayansa, ya ji ɗan hannu ya kama masa wuyan riga, sai ya ƙara sauri har ya koma gudu. A bakin hanya wani mai jaki da ya san shi ya ja linzami ya tsaya, baki sake.

"Kailani! Yau kuma wace dabarar Turawa ce wannan? Ɗan wa ka goyo?"

Kailani bai tsaya ba.

"Nawa ne. Lawal. Kauce mini!"